Folimar Na-Sani da Girar Hedimasta

Shekara goma sha tara ina ɗinki a shagon da ke jikin na Na-Sani, katako ɗaya ne ya raba mu. Don haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba. A fuskata aka yi shi, kuma har yau gemuna bai gama dawowa ba.

Na-Sani mai aski ne, sunan kuwa shi ya jawo wa kansa. Ka ce masa an yi ruwa a wata ƙasa, zai ce na sani. Ka ce masa matarka ta haihu yanzun nan, kafin ka rufe baki ya ce na sani, sai ka tsaya kana kallonsa kana tunanin ta yaya. Kansa sanƙo ne tas, ko silin gashi babu, amma an rama masa a gashin baki: baƙi wuluk, mai kauri, ya murɗe gefe biyun sun kalli sama. Har ɗan mataji na musamman yake ajiye masa a aljihun gaba.

Lafiya lau muke zaune har aka buɗe sabon shagon aski a tsallaken titi, gabansa duk gilas, da kujeru masu kwanciya da famfon ruwan ɗumi. Muka sa wa mai shagon suna Mai Gilas. Ban da aski, yana shafa wa mutane wani abu a fuska, in ya bushe a ɓare shi kamar bawon albasa, mutum ya fito yana sheƙi yana shafa kumatu. Ɗaya bayan ɗaya masu zuwa aski wurin Na-Sani suka riƙa tsallakawa, wasu har da sunkuyar da kai idan za su wuce mu. Cikin wata uku saura mu biyu: ni, da kunyar maƙwabtaka ta riƙe, sai Hedimasta.

Hedimasta ya daɗe da ajiye aiki, amma rabin magidantan layinmu ta hannunsa suka bi. Shekara ashirin da shida, duk Asabar ƙarfe goma yana kan kujerar Na-Sani. Abin da aka fi saninsa da shi girarsa ce, fara fat, mai yawa. Bai cika dukan yara ba a zamaninsa, ta hagu kawai yake ɗagawa, aji ya yi tsit. Na-Sani kaɗai ke taɓa girar nan da almakashi. Muddin Hedimasta na zama a kujerar, shagon shago ne a idon mutane. Ranar da ya tsallaka kuwa, Na-Sani ya san sai dai ya kulle ƙofa ya nemi wata sana'ar.

To wata Asabar, an ɗaura masa ƙyalle a wuya, Hedimasta ya hango shagon gilas ta cikin madubi, ya ce, "Wannan abin da suke shafawa, mene ne shi?"

Ta cikin katako na ji almakashin ya tsaya. Karo na farko a zamanmu da aka yi wa Na-Sani magana bai ce na sani ba.

Da yamma ya tare ƙanwarsa a hanyarta ta dawowa daga aiki. Auta muke ce mata, a ɗakin gwaji na wani kamfanin kayan kwalliya take aiki, kuma duk hankalin gidansu ita ta kwashe. Ta zauna a bencinsa ta yi masa bayani dalla-dalla, ni ina ji ina ɗinki. Ta ce a cikin abin akwai wani sinadari da ake haɗawa a masana'anta, folima ake ce masa, dangin roba ne. Yana nan kamar ruwa, idan an shafa ruwan ya bushe sai ya bar wani siririn mayafi a kan fata. Shi ke sa kwalliyar ido ta zauna, shi ke sa man gashi ya riƙe gashi. Ta ce yawanci a saman fata yake tsayawa, ba ya ratsawa ciki, shi ya sa mutane da yawa ke amfani da shi ba abin da ya same su.

Na-Sani ya ce na sani.

Ta ce amma ɗan kaɗan ake sawa, a gauraya shi da abubuwan da ke tausasa shi, don shi kaɗai tsukewa yake idan ya bushe. Kuma iri-iri ne, wani ruwa na wanke shi, wani ba ya wankewa. Ba a sa shi inda reza ta bi, ba a kai shi kusa da ido, ba a ɗora shi kan gashi. Kafin komai kuma a ɗan shafa a cikin hannu, a jira kwana biyu a ga ko fata za ta yi ja, don fatar wani ba ta wani ba ce.

Ya ce na sani, na sani. Ya sa ta maimaita sunan sau biyu, ya rubuta a tafin hannunsa da biro.

"Yaya," ta ce, "in kana so, ka sayi wanda aka riga aka haɗa a kwalba. Kada ka ce za ka haɗa da kanka."

Ya yi mata dariya, ya ce yana riƙe da reza tun ba ta iya ɗaura zani ba.

Washegari sai ga shi da jarka lita biyar daga shagon masu sayar da sinadarai. Ya gaya min da alfahari cewa mai shagon ya tambaye shi wane iri, shi kuma ya ce a ba shi wanda ya fi kowanne taurin kai, wanda ko ruwan sama ba ya wanke shi. Na tuna masa Auta ta ce ɗan kaɗan ake sawa. Ya kalle ni da tausayi. Ya ce ai rowar kamfani ce, cokali ɗaya a bokiti su cika da ruwa da ƙamshi. Shi tsantsa zai ba jama'a. Mai Gilas na shafa wa mutane romo, shi naman zai ba su.

Gwajin ma ya yi, kada a zalunce shi. Sai dai ya ce cikin hannu wuri ne na masu tsoro, shi a kansa zai gwada, inda kowa zai gani. Ya lafta wa sanƙonsa da burushin aski. Maimakon kwana biyun da aka ce ya jira, tsawon labaran rediyo kawai ya jira. Ya kama gefe ya ja, abin ya taso sumul kamar leda, kan ya fito yana ɗaukar ido. Yini guda ya yi yana kai da kawo a layi babu hula. Bai taɓa zuwa masa ba, ni ma bai zo min ba, cewa mutumin da ya ci abinci shekara talatin da gashin mutane ya gwada abin a wuri ɗaya tilo da babu gashi.

Ya rubuta a kwali da manyan baƙaƙe: GYARAN FUSKA NA TSANTSA, AN GWADA. Ya kuma sa na ɗinka masa farar riga irin ta likitoci, har da aljihu uku. Wannan laifina ne, na amsa.

Ranar Asabar bai yarda a yi abin a cikin shago ba. Ya fito da kujerar aski bakin titi, ya saita ta tana kallon shagon gilas, ya ajiye min benci a gefe. Na ce ni ɗan kallo ne. Ya ce maƙwabcin da ba zai ba da fuskarsa ba, me zai bayar? Hedimasta da ya iso ƙarfe goma ya ga taro, ya so ya juya, amma mutum ne mai son ilimi, kuma shi ya fara tambaya. Ya zauna.

Hannun da ya saba shekara ashirin da shida ba ya jiran umarni. Kafin Na-Sani ya tuna da wata Auta, ya rage wa Hedimasta suma, ya bi kumatunsa da reza tas. Sannan ya tsoma burushi a jarka ya shafe fuskar tun daga goshi har haɓa, ya bi ta kan gira ya dawo. Hedimasta ya ce yana jin ɗan zafi a kumatu. Na-Sani ya juya ga jama'a ya ce sun ji ko, aiki ya fara ke nan. Ya zo kaina ya shafe ni har gemu. Shi kuwa da ya zo kan tasa fuskar, shafi uku ya yi, ya ƙara na huɗu a gashin baki, wai daga yau ba ya bukatar mataji.

Ya ce na Mai Gilas minti ashirin yake ɗauka kafin ya bushe, nasa biyar. Ya shiga ya jawo babbar fankar tsaye, ya dasa ta a ƙofar shagona, ya murɗa ta har ƙarshe.

A ƙofar shagona kuwa nan nake tara sharar sati: guntayen zare da ƙananan ƙyallaye. Fankar ta kwashe su gaba ɗaya, ta haɗa da farin gashin da aka aske wa Hedimasta, ta watsa mana a fuska, fuskokin kuwa a lokacin danƙo suke. Hedimasta ya samu jan zare a hanci da ƙyallen atamfa a kumatu. Ni na samu furfurar Hedimasta a goshi. Na-Sani ya samu kowane launi. Na kai hannu zan cire, ya daka min tsawa kada in motsa, zan ɓata aikin.

Ya shiga jawabi. Ya ce shi ne mutum na farko da ya kawo tsantsa wannan layi, kamfanoni za su zo neman shawararsa, Auta ma a ƙarƙashinsa za ta ƙare. Masu waya suka ɗaga suna ɗauka, shi kuma ya buɗe haƙora yana murmushi har kunne, ya riƙe murmushin yana kallon Mai Gilas da ya fito ƙofa. Da ya zo wurin cewa shi ya koya wa Auta karatun sinadarai, Hedimasta ya ɗaga girar hagu. Ni kuma jawabin ya ishe ni, na saki hamma.

A haka abin ya kama mu.

Na je rufe baki, bakin ya ƙi. Fatar fuskata ta tsuke kamar an ɗinke ta da ƙaramin zare. Na juya ido na ga Hedimasta zaune ƙyam, girar hagu a sama, ta ƙi sauka. Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Magidanta masu 'ya'ya, tsofaffin ɗalibansa, suka yi tsit. Wani ya jefar da sigarin hannunsa ya take. Wani direban bas, ƙato mai tumbi, ya cusa rigarsa cikin wando ya haɗa ƙafafu.

Na-Sani ya ce lokacin ɓarewa ya yi. Maganar ta haƙora take fita, don leɓɓansa sun daina haɗuwa, amma murmushin na nan cif. Ya kama gefen abin a goshin Hedimasta ya ja a hankali, ya taso lafiya. Jama'a suka fara tafi. Da ya iso gira sai ya tsaya cak.

"Dakata," in ji Hedimasta ta tsakanin haƙora.

Na-Sani ya ce sirrin abin sauri ne, masu yi a hankali su ke jin zafi. Ya ce a ƙirga masa uku. Bai jira ukun ba, ya fizga a biyu.

Ni tela ne, na san ƙarar yagewar sabon yadi, ita na ji. Na-Sani ya ɗaga hannu sama don jama'a su ga sakamako, sai ga girar hagun Hedimasta a manne a jikin ledar, cikakkiya, ko sili ɗaya bai rage ba, kuma har a lokacin a ɗage take. Hedimasta bai yi ihu ba. Ƙwalla ɗaya ce ta gangaro masa, ta zame a kan robar ta faɗi kan ƙyalle.

Na-Sani ya dubi abin da ke hannunsa, ya dubi Hedimasta, ya fara ba da haƙuri. Da gaske yake, na ga idonsa. Amma bakinsa na washe har kunne. Wata mai sayar da lemo ta ce ku dubi marar kunya, ya cire wa dattijo gira yana dariya. Na-Sani ya ce wallahi ba dariya yake ba, yana faɗa haƙora talatin da biyu a waje. Direban bas ya shaƙo kwalar farar rigar da na ɓata kwana biyu a kanta, ya ce ya daina dariyar nan ko ya daina masa ita.

"Kuka nake," in ji Na-Sani.

"Haka ake kuka a gidanku?"

Wani mai taimako ya ɗauko bokitin ruwa ya sheƙa mana. Ruwan ya zame ta fuskokinmu bai taɓa komai ba, ya jiƙa mana riguna, rabinsa kuma ya shige bakina da ke buɗe. Wata mata da ta zo karɓar ɗinkinta ta tsaya gabana tana tambaya ko an gama, ina kallonta baki sake. Ta ce in ban gama ba in faɗa, ba sai na yi mata fuskar mamaki ba. Ƙuda ma ya leƙo ya ga hanya.

Da na ga ba mai ceto, na zaro allin ɗinki daga aljihu na rubuta a jikin benci: A KIRA AUTA. Wanda ya karanta ya kira ta kuwa Mai Gilas ne, lambar ma a wayar Na-Sani ya ɗauka.

Ta iso daidai lokacin da yayanta ya buɗe kwalbar sifirit ɗin aski zai tuttula wa Hedimasta a kumatun da reza ta bi, wai shi ke narkar da komai. Ta fizge kwalbar. Ta ɗauki jarkar ta karanta takardar jikinta, ta rufe ido na ɗan lokaci. Ta tambaye shi ko ya gwada kamar yadda ta ce. Ya nuna mata sanƙonsa.

"Yaya, akwai gira a nan?"

Ya yi mata murmushi, don ba shi da wata fuskar.

Ta ce ba a fizga, ba a ƙona shi da sifirit. Mai ake shafawa a gefe-gefe, a ɗora tawul mai ɗumi, a bi shi a hankali har ya saki. Tana bukatar ruwan ɗumi da kujerun da mutum zai kwanta. Duk layin wuri ɗaya ne ke da su, kuma kowa ya juya ya kalle shi.

Haka muka tsallaka titi a jere, motoci suka tsaya mana. Hedimasta a gaba da gira ɗaya da jan zare a hanci, ni a tsakiya ina hamma, Na-Sani a baya yana fara'a kamar shi aka gayyata. Mai Gilas ya buɗe mana ƙofa da ladabi, ya ce bismillah Baba, ya ce wa Na-Sani sannu Yaya. Da zagi ya yi da ya fi sauƙi.

Awa biyu Auta ta yi a kanmu, jama'a manne da gilas suna kallo. Ta fara da Hedimasta. Girar dama ta tsira, kumatunsa kuwa sun yi ja inda reza ta bi. Ta shafa masa wani mai, ta ce idan ya kumbura ko zafin ya wuce gobe ya je likita ya duba shi. Ni na samu na rufe bakina, amma rabin gemuna ya tafi. Na-Sani ne ya gagara. Fuskar ta saki da ƙyar, murmushin ya sauko sannu a hankali, amma gashin bakin da ya sha shafi huɗu ya zama kamar mariƙin bokiti. Ta jiƙa shi da mai, ta murza, ta jira, ko gezau.

"Yaya, ko gashin baki ko leɓe. Zaɓi ɗaya."

Mai Gilas ne ya riƙe almakashin. Gashin bakin ya faɗo guda ɗaya, ya bugi tayil ya yi ƙara, ya gangara ƙarƙashin kujera da gefensa biyu a murɗe. Daidai lokacin Hedimasta, yana kwance da tawul mai ɗumi a goshi, ya yi ajiyar zuciya ya ce kujerar nan da daɗi take. Na ga Na-Sani ya ji. Wannan ta fi almakashin yi masa ciwo.

Sati guda ban ji na sani ta cikin katako ba. Na gwada shi ma, na ce masa an ce za a gyara titinmu, ya ce Allah ya sa. Ragowar jarkar ya ba ni na toshe yoyon rufin shago, kuma gaskiya a nan ta yi aiki. Yakan kai hannu aljihun gaba ya taɓa ɗan matajin, ya mayar. Na ji haushinsa saboda gemuna, amma tausayinsa ya fi yawa, don na san abin da yake jira.

Ranar Asabar tun ƙarfe tara ya share shago, ya goge madubi, ya tsaya a ƙofa. Goma ta yi ba kowa. Goma da kwata sai ga Hedimasta, ya jawo hula har goshi. Ya tsaya a tsakanin shagunan biyu ya kalli na gilas. Mai Gilas ya buɗe ƙofa. Na ajiye ɗinkin hannuna.

Hedimasta ya juyo, ya shiga shagon Na-Sani, ya zauna a tsohuwar kujerar ya cire hula. Ya ce sati guda yana gida da gira ɗaya, jikokinsa sun daina jin tsoronsa, matarsa ta ce kullum kamar tambaya yake mata. Yana so a aske ɗayar, su tsiro tare.

Na-Sani ya yi ƙasa da murya ya ce, "Malam, can suna da inji da ruwan ɗumi."

"Reza ce za ta zo kusa da idona," in ji Hedimasta. "Shekara ashirin da shida ba ka taɓa yanka ni da ita ba. Abin da ka sani ke nan. Shi za ka yi."

Na kasa kunne ina jiran kalmomin nan biyu. Sai na ji ya ce to, Malam. Ya ɗaura masa ƙyalle, ya sa sabuwar reza, ya fara a hankali. Na leƙo ta ƙofa ina kallo. Ya kai rabi ke nan kafaɗunsa suka fara dawowa, ya gyara murya.

"Ai askin gira, Malam, in ka zagaya duk faɗin duniyar nan, ba na jin akwai wanda…"

Hedimasta ya ɗaga rabin girar da ta rage.

Na-Sani ya yi tsit, ya ci gaba da aski.